Kujerar da Na Tare wa Nermin

Tun rasuwar mahaifiyarta, 'yata Nermin ba ta taɓa fashin shan ruwan ranar farko ta azumi a gidana da ke unguwar Shubra ba. A wurinmu wannan rana ta gidan uba ce. Bana kuwa sai ta kira ni da hantsi.

"Baba, ka yi haƙuri. Gidauniyarmu ta shimfiɗa teburan ciyarwa a unguwar Imbaba, kuma 'yan kasuwan da suka ɗauki nauyi za su zo. Ba zai yiwu a nemi shugaba a rasa ba."

"To ni fa? Na riga na yanka lalo."

"Gobe, Baba. Wallahi gobe."

Ni mai guga ne, ban san yadda ake tafiyar da gidauniya ba. Abin da na sani, idan bana ta wuce haka, baɗi ma haka za ta wuce, har a daina tambaya.

Maƙwabcina Fathi wanzami ya leƙo shagona. "Uban shugaba! Yau kai da kyanwa za ku sha ruwa?"

"Je ka ji da ƙeyoyin mutane," na ce.

Bayan la'asar na goge jallabiyata, na hau mota zuwa Imbaba. Tebura sun cika layin, direbobi da leburori duk sun zazzauna. Na samu wuri a ƙarshe, na ɗora hulata a kan kujerar da ke gefena.

Can sai ga ta da faranti, tana ajiye dabino da gurasa. Ta tsaya cak.

"Baba! Me kake yi a nan?"

"Tunda ba ki zo ba, na zo. Ga kujerarki."

Ta sunkuyo, murya ƙasa ƙasa. "Masu hidima ba sa zama sai kowa ya ƙoshi. Ko masu kamfanonin can a tsaye suke. Ni na kafa dokar, Baba."

"Ko dabino ɗaya tare da ubanki?"

Kafin ta amsa, wani mai baƙar kwat ya ɗaga hannu daga nesa yana kiranta. Ta matse kafaɗata. "Jira ni," ta ce, ta tafi.

Aka kira sallah. Layin ya yi tsit, sai ƙarar cokula. Na riƙe dabinona ban ci ba, ina hangen ta a ɗaya ƙarshen tana zuba wa wani tsoho miya.

Wani mai tallan tukwanen gas ya iso a makare, yana haki, leɓensa a bushe.

"Alhaji, da mutum a nan?"

Na sake duba ƙarshen layin. An miƙa mata wani farantin.

Na ɗauke hulata. "Babu kowa, ɗana. Zauna."

Ya yi bismilla, ya tura min tulun ruwa. Muka sha tare, ban ma tambayi sunansa ba.