Alawayyon Baba Yafet

Afiniki ta shigo da kwanon fate, ta tarar da Malam Sule tela yana gwada farin alawayyo a jikin Baba Yafet, daga kai har ƙafa. Saura ƙiris kwanon ya suɓuce mata. Likkafani a ɗakin dattijon ikilisiya!

"Baba, mene ne wannan kuma?"

"Riga ne," in ji tsohon, yana haki. "Na tafiya."

Shekara ashirin ita da tsohon suna maƙwabtaka a Kafanchan, katanga ɗaya tsakaninsu. Tun da ciwon zuciya ya kwantar da shi ita ke jinyarsa, don ɗansa Derrick yana Abuja. Amma daga ranar nan ta sa ido. Malam Sule yakan zo da hantsi su yi ta ƙus-ƙus, da ta shigo sai su yi tsit. Ruwa dai ba ya tsami banza. Tana shara tana leƙen ƙarƙashin gado, ko za ta ga carbi ko dardumar salla. Ba komai sai tsofaffin takalma. Kunya ta kama ta, amma ba ta bar leƙen ba.

Bakinta kuma bai riƙe ba. Ta raɗa wa ƙawarta Angelina zarginta a zumuntar mata, kafin Lahadi zance ya isa Abuja. Derrick kuwa gwanin wa'azi ne a Fesbuk. Bai kama sunan kowa ba, ya dai rubuta cewa mu muna girmama matattunmu, ba kamar wasu masu jefa gawa a rami tun ba ta huce ba. Mutum ɗari uku suka ce amin. Shi kuwa rabonsa da gidan Kirsimeti biyu ke nan.

Ran Talata haƙurinta ya ƙare.

"Baba, tsakaninka da Allah, ka bar Yesu ne?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ni? In je ina da tsufan nan?" Ya numfasa. "Kin tuna bison matata Hulda?"

Ta tuna mana. Har yanzu zanen ankon yana akwatinta.

"Wata uku ta yi a mutuware, ana jiran a ɗinka anko, a buga hotonta a kofi. Kowane Jumma'a ina zuwa duba ta. Wuta ya ɗauke, inji ya lalace. Ranar da muka je ɗaukanta ban gane matata ba, Afiniki. Da tabon ƙafanta na gane ta. Ku kuna waje kuna kiɗa."

Afiniki ta sunkuyar da kai. Ita ce ma ta buga tulu ranar.

"Yayan Sule ya mutu da safe, kafin la'asar yana kwance da fuskarsa lafiya lau. Na gani, na ce abin nan yana da kyau. Laifina ke nan. Fasto ya yi addu'a, ku yi waƙa, amma kada rana ta faɗi ina waje. Na rubuta, na sa hannu. Ki yi mini alkawari."

Ta yi alkawarin.

Ran Alhamis da safe ya cika, tana riƙe da kofin shayinsa. Nan da nan labari ya isa Abuja, ba ta gama kuka ba wayar Derrick ta shigo.

"Mama, kada kowa ya taɓa shi! Na turo mota ta kai shi mutuware. Sai Disamba za a yi biso, manyan mutane za su zo. In kika bari aka binne babana kamar waɗancan, zan sa sunanki da hotonki duniya ta gani!"

Tsoro ya kama ta ƙwarai, don ta san zai aikata, ta kuma san mutanen da za su ce amin. Da wasunsu take zama benci ɗaya a coci.

Fasto Azariya ya karanta takardar marigayin sau biyu. Ya dubi Malam Sule da ke tsaye a bakin ƙofa, ya dawo da ido kanta.

"Mama Afiniki, ke ce kusa da shi. Cikin Ubangiji ya tafi?"

"Fasto, har ƙarƙashin gadonsa na bincika, Allah ya gafarta mini." Ta share ido da bakin zane. "Ban ga komai ba. A haƙa kabari."

Aka haƙa a bayan gida, gefen Hulda. Mata bakwai ne suka zo, kowacce da zanen aikinta, suka rera waƙa biyu. Sauran suna leƙe ta katanga, wasu da waya a ɗage. Kafin ƙarfe uku an gama.

Ana wanke shebur sai ga motar da Derrick ya turo, da jiniya har ƙofar gida. Direban ya sauko yana gyara safar hannu.

"Sannunku, Mama. Ina gawan?"

Afiniki ta ja shi bayan gida ta nuna masa tudun jar ƙasa. Ya koma ya kashe jiniyar. Wata kaza da 'ya'yanta har sun hau kan ɗanyar ƙasar suna tono.