Wuƙa Mai Rawayar Ƙota

A yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, na mutane kawai nake karantawa, kuma na san a garinmu wanda ya ɗauki biro ya bar ƙugiya kallon marar lafiya ake yi masa. In abin bai yi daɗi ba laifina ne, ba na Halldis ba.

Halldis ta yanke shawarar sayen wuƙar ne ranar da ta tarar da silifan Jentoft a bayan ƙofar kicin ɗinta, an jera su tsaf kamar masu biyan haya.

Jentoft maƙwabcinta ne, tsohon masunci da bai taɓa aure ba. Tun rasuwar mijinta Arnljot, da zarar lokacin skrei, manyan kifin teku na hunturu, ya kama, kullum sai ya shigo da ƙato guda, da kansa da kayan cikinsa, ya ce wuƙarsa ta dakushe, a ara masa ta marigayi. Shekara da shekaru wuƙar nan tana dakushe, a garin da kowane gida akwai dutsen wasa wuƙa. Sai ya gyara kifin a kan teburinta, ya sha kofinta, ya ba ta labarin iska da igiyar ruwa kamar gidanta babu taga. Duk ta jure. Amma silifa? Yau silifa, gobe buroshin haƙori, jibi matan coci su fara tambayarta ranar biki.

Kowa a garinmu ya san ba a kyautar wuƙa. In ka ba mutum, sai ya sa maka tsabar kurona, kuɗin ƙasarmu, a tafin hannu, ya zama saye ya yi. In ba haka ba, wuƙar ta yanke abin da ke tsakaninku. Halldis ta ce ita ba ta yarda da camfi ba. Jentoft kuwa ya yarda, shi da ko fito da baki ba ya yi a cikin jirgin ruwa don kada ya kira guguwa. Kuma wa yake yawo da tsaba yanzu? Ko baikon coci da waya ake turawa.

Ta tafi kantin taubashiyarta Ranveig, wanda ake sayar da burodi da igiya da katin ta'aziyya duk a layi ɗaya.

"Wuƙar gyaran kifi nake so," in ji Halldis. "Mafi arha."

"Ta Arnljot ta gaji da aro ne?"

"Kyauta zan yi."

Ranveig ta ajiye abin da ke hannunta, ta dube ta sama da ƙasa. "Allah sarki Jentoft. To ga ta korar baƙo." Ta jawo wata daga kwando, irin wadda ake zubawa kusa da teburin biyan kuɗi tare da alawa.

Halldis ta juya ta a hannu. Ƙotar santsi kamar sabulu. "Wannan in ta jiƙe subucewa za ta yi. Yatsunsa a kumbure suke da sanyi, ba ya iya damƙe abu siriri."

"Ashe. To wannan fa?"

Halldis ta danna tsinin ta biyu a kan teburin kantin. Ko gezau. "Ke wannan ta yankan nama ce. Ba ta lanƙwasa. Shi kwantar da wuƙa yake yi a kan ƙashin baya ya ja sau ɗaya, in ba ta bi ƙaya ba rabin tsokar a bola zai ƙare."

"Kin lura sosai, ke da ba kya kallonsa."

"A teburina yake yi. Ina zan kai idona, rufi?"

Ranveig ta buɗe akwatin gilashi ta fito da ta uku, mai ƙotar itace da kube na fata, irin wadda Jamusawa masu zuwa kamun kifi da rani suke saye don su ɗauki hoto da ita. Halldis ta leƙa farashin ta mayar da ita a hankali kamar jaririn wani.

"Korarsa zan yi, ba gado zan bar masa ba."

A ƙarshe ta tsaya a kan wata mai matsakaicin kuɗi, doguwa siririya, tana lanƙwasa ta dawo daidai, ga ƙotar roba mai kauri, rawaya shar. Ta gwada ta a hannun hagu.

"Bahaguwa kika koma?" in ji Ranveig.

"Shi ne bahago. Kuma rawayar za ta taimaka, idonsa ba ya ganin baƙin abu a cikin bokiti."

"Wallahi ban taɓa ganin ƙiyayya mai tausayi irin wannan ba. In naɗe miki da jan zare?"

"Ki dai riƙe bakinki. Kuma in ya zo neman tsaba, babu."

"Ni? In ɓata wa garin nan abin kallon da ya samu tun da jirgin fasinja ya daki gada?"

Halldis ta ba shi wuƙar a bakin ruwa, a gaban masunta, don a samu shaidu. Jentoft ya goge hannunsa a wando, ya karɓa, ya lanƙwasa ta da babban yatsa. Fuskarsa ta washe. Sai kuma ya tuna. Ya shiga lalube aljihu ɗaya bayan ɗaya: ƙugiya, guntun igiya, alawar tari da ta manne da gashin riga.

"Halldis, tsaya in tura miki ta waya."

"Kyauta ce, Jentoft. Yanzu kana da wuƙa mai kaifi, sai ka huta da hawa matakalata."

"Ai kin san ba a yin haka."

"Ni ban san komai ba," in ji ta, ta juya.

Labarin ya riga ta isa gida. Jentoft ya bi gari ƙofa ƙofa yana neman kurona ɗaya, kuma garin da kowace tsohuwa take da gwangwanin tsaba a saman kabad ya wayi gari babu ko ɗaya. Wani ya ce jikokinsa sun kwashe. Wata ta ce ta ba mabukata a ƙasashen waje. Ranveig ta juye masa aljihun teburin kantin a gabansa, bayan ta gama kwashe abin da ke ciki zuwa aljihun rigarta. Suna ba shi haƙuri, suna rakiyarsa har ƙofa, suna komawa taga don su ga gidan da zai shiga na gaba.

Ita kuwa Halldis ta samu abin da ta nema. Kicin tsaf, babu ɓawon kifi a tebur, babu mai gaya mata daga ina iska take busowa. Ta dafa kofi na mutum biyu bisa kuskure, ta zubar da rabi tana zagin tukunyar. Ta sayi kifi na leda a wajen Ranveig, wadda ta tambaye ta cikin ladabi ko a haɗa mata da labarin igiyar ruwa. Ta tagar kicin tana hango Jentoft a rumfarsa yana gyara kifi da rawayar wuƙa, ja ɗaya tsoka ta rabu da ƙaya. Wuƙar ta dace da hannunsa, wannan kam ta iya zaɓe. Ko sau ɗaya bai ɗago ya dubi gidanta ba. Mutumin ya yarda an yanke, ya kuma zauna a kan haka kamar an karanta masa a kotu.

Silifan suna nan bayan ƙofa. Bai zo ɗauka ba, don wanda aka yanke ba ya hawa matakala.

Ranar Lahadi ta fito da tsohuwar rigar ruwan Arnljot, wai za ta bayar. A aljihun ciki ta ji wani abu mai sanyi: kurona ɗaya, mai huda a tsakiya, ta yi baƙi da gishiri. Ta daɗe tana kallonta.

"Kai ma da bakinka a ciki ke nan," ta ce wa rigar.

Ta jira har ƙararrawar coci ta yi shiru, duk masu tagogi sun shige suna waƙa. Ta ɗauki silifa ɗaya, ta ƙafar hagu, ta jefa kuronar can cikin wajen yatsu. Ɗayar ta bar ta inda take. In mutum yana son silifarsa ta cika biyu, ya san hanya, ya kuma san abin da zai riƙo a hannu.

Ta bi ta bayan rumfunan shanya kifi inda dusar ƙanƙara ta taushe, ta ajiye silifar a bakin ƙofarsa, ta juyo da sauri ba ta ƙwanƙwasa ba. Kafin a buɗe ƙofar coci har ta ɗora tukunya, kofi na mutum biyu.

Ni ma bari in bi ta bayan rumfunan nan tun ba a fito daga coci an gan ni da biro ba.