Eriyar Malam Amos

Shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, Luke ɗan Malam Amos na Tsiga ya shiga soja. Da aka sayar da auduga, Amos ya hau mota zuwa Funtuwa ya sayi rediyo mai batir, don an ce wata tasha ta gajeren zango tana sa muryoyin sojoji ran Lahadi da la'asar, suna gaida gida.

Maitama mai gyaran rediyo ya miƙo masa naɗin waya ya ce, "Malam, akwatin nan ba ya kamo nesa sai da eriya. Ko ka ja wayar duka ka ɗaure a kan dogon itace, ko ka yanke ta ka kafa gwangwala. Da ni ne kai, itacen zan zaɓa."

Dogon itace ɗaya ne kusa, ɗorawar gidan Shitu maƙwabcinsa. Shekara biyu ke nan ba sa ga maciji, a kan kunya uku ta iyakar gona.

Roda matarsa ta ce, "Malam, je ka gaishe shi mana. Waya ce fa kawai."

Bai je ba. Shitun ne ma ya leƙo ta kan danga ya ce, "Amos, na ji tsawo kake nema. Ga ɗorawa nan."

"Na gode, gwangwalata ta ishe ni."

Ya raba wayar biyu, ya kafa gwangwala a bayan ɗaki. Rediyon ya yi ta shuu, murya ta taso ta nutse. Roda takan manna kunne a jikinsa har wuyanta ya ƙage.

Ranar wata kasuwar Bakori, Sada mai tireda ya tare shi da fara'a. "Malam Amos, barka! Ran Lahadi mun ji Luke raɗau, har sunanka ya kira."

Amos ya tuna da Lahadin. Ran nan suna zaune gaban rediyon shi da Roda, da shuu ya ishe shi ya kashe, wai kada batir ya ƙare.

Da ya dawo ko gida bai shiga ba, ya yi sallama a ƙofar Shitu. Suka haɗa wayar da ƙulli, Shitu ya hau ɗorawar da kansa. Murya ta fito tas. Wata bakwai suna jin 'ya'yan wasu suna gaida iyayensu. Da damina ta yi tsaka, takarda ta zo cewa Luke ya rasu a bakin daga.

Bayan an tashi zaman makoki Amos ya taka har Bakori, ya zauna a bencin Sada.

"Faɗa mini abin da ya ce, daga farko."

Sada ya sosa ƙeya. "Ya gaishe ka, ya gaida innarsa. Ya ce wani abu kan gona, ina jin. Wallahi Malam, ina auna wa wata gishiri a lokacin."

"Muryarsa fa? Da ƙarfi?"

"Da ƙarfi. Har dariya ya yi."

Amos ya gyaɗa kai. Ya daɗe a kan bencin bai tashi ba.