Waya ta Goma a Jakar Inna Hansai

Saƙon murya dubu ɗaya da ɗari biyu da goma sha huɗu Mudassir ya tara a wayarsa, kuma duk na mutum ɗaya ne: Haulat, 'yar Malam Gwadabe na Kademi. Shekara uku yana tarawa. Akwai wanda ta yi masa ranar da ruwan farko ya sauka, ana jin yayyafi yana kaɗa kwanon ɗakinta. Akwai wanda ba ta ce komai ba sai atishawa biyu da “au, ashe yana ɗauka”, shi ma ya saurare shi ya fi sau ɗari. Wayar Haulat kuwa ƙarama ce, ba ta da wurin ajiya, duk Juma'a take share komai. Saboda haka a duk faɗin duniya muryar nan wuri ɗaya take kwance, aljihun gaban rigar Mudassir, daidai kan zuciyarsa.

Sai dai ba ita kaɗai ce a aljihun ba. Mudassir ma'aikacin wani kamfanin irin shuka ne da ke Kano, amma daga gidansu a Toranke yake aikin, da wayarsa ta kansa. A cikinta akwai sunayen manoma dubu biyu da lambobinsu da inda gonar kowa take, ga kuma takardar wani sabon irin gyaɗa da kamfani bai sanar ba tukuna. Ranar da aka ɗauke shi aiki, Anti Rukayya mai kula da na'urorin kamfani, wadda ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta, ta dube shi ta saman tabarau.

“Wayar taka ce, abin da ke ciki namu ne. Ka kulle ta da lambar sirri. In ta ɓace, cikin awa ɗaya ka kira ni, daga kan kujerar nan zan share ta tas.”

“Har hotuna, Anti?”

“Har sunanka.”

Ya kulle ta kuwa, wata bakwai cur. Sai ranar da Ummansa ta ɗauka za ta saurari wa'azi, wayar ta tambaye ta lamba. Umma ta ajiye ta a hankali, ta ce, “To. Na haifi ɗan da wayarsa take tambayata ko ni wace ce.” Kwana biyu ba ta ƙara masa man shanu a tuwo ba. A rana ta uku ya cire kullin.

Ranar kasuwar Ajingi, cajinsa ya kusa ƙarewa, ya kai wayar rumfar Ɗanladi mai caji. Shi Ɗanladi ba ya manna wa waya lamba irin ta sauran masu caji, yana ganin wannan aikin masu mantuwa ne. Gari-gari yake jera su a kan tebur: ga layin Toranke, ga layin Gaya, ga layin Kademi. Wanda ya zo sai ya faɗi garinsu, a miƙa masa.

Mudassir ya zauna a benci yana jira, kuma da yake shi ne, bai yi minti biyu ba ya fara. Ya ce iskar Kademi ta fi ta ko'ina sanyi. Ya ce ko kukar jakin Kademi akwai wani taushi a cikinta. Ya ce shi jikinsa ne kawai a nan, amma ransa da asalinsa da makomarsa duk suna Kademi. Ɗanladi yana gyaɗa kai yana gyaran waya, can ya miƙa hannu ya ɗauke wayar Mudassir daga inda take ya mayar da ita wani layi. Mudassir bai lura ba, don a lokacin yana bayanin yadda wata yake fitowa a Kademi.

Ya tafi sallar azahar, ya tsaya cin gurasa, ya dawo.

“Ɗanladi, wayata. Layin Toranke.”

“Toranke kuma? Kai da ka ce ɗan Kademi ne?”

“Zuciyata na ce!”

“To ni ba na cajin zuciya. Na Kademi duk Inna Hansai ta kwashe.”

Inna Hansai mai ƙuli-ƙuli ce. Duk ranar kasuwa matan unguwarsu ke tara mata wayoyinsu a jaka, ta kawo caji, ta mayar musu da yamma. Tara ta kawo, goma ta tafi da su. Mudassir ya ari wayar Ɗanladi ya kira lambarsa, aka ce a kashe take.

“Ai kashe su take yi duka,” in ji Ɗanladi, “wai kar cajin ya zube a hanya.”

Mudassir ya zaro katin shaidarsa na aiki. Lambar Anti Rukayya tana bayansa da jan rubutu. Ya dube ta, ya tuna atishawar nan guda biyu, idonsa ya kawo ruwa. Ya mayar da katin aljihu, ya tare ɗan acaɓa.

Awa ɗayar Anti Rukayya a hanya ta ƙare. Taya ta yi faci a tsakanin gonakin gyaɗa, suka tura mashin har wurin mai faci, garken shanu ya tsare su, ɗan acaɓan kuma ya tsaya gaida surukinsa. Sai bayan la'asar Mudassir ya sauka a ƙofar gidan Inna Hansai, rigarsa ta manne da baya.

Tun kafin ya yi sallama ya ji ta. Muryar Haulat, a lasifika, tana tsallako katanga.

“Yaya Mudassir, yau da na ga gyaɗa ta yi fure sai na tuna da kai...”

Shewa ta tashi a tsakar gida. Mata sun kai goma a ciki. An raba wayoyi tara, ta goma ta rasa mai ita, shi ne aka kunna ta don a gano, ta kuwa buɗe ba gardama.

“Wallahi muryar 'yar Malam Gwadabe ce!”

“Ita da in ta gaishe ki sai kin kasa kunne? Ashe bakin yana nan!”

“Suwaibatu, sa na gaba, sa na gaba!”

Gida ne na matan aure, ba shiga. Mudassir ya tsaya a zaure yana rafka sallama har sau bakwai kafin Inna Hansai ta leƙo, hannunta duk man ƙuli.

“Inna, barka da yamma. Wayar nan tawa ce.”

Ta dube shi sama da ƙasa. “Ɗan nan, tun ɗazu kai ne na uku da ya ce tasa ce. Amana ce a hannuna. Sai maigidan ya dawo daga gona a yi bincike.”

“Inna, ni ne Mudassir ɗin da ake ambata a ciki!”

“Kowa ma ya ji sunan, ai har bakin titi ake ji.” Ta saki labule ta koma.

Ya jingina da bango. Kunya dai ta riga ta gama da shi, amma muryar tana nan, kuma maigidan zai dawo kafin magariba. Abin da ya rage haƙuri ne kawai. Yana cikin wannan lissafi sai ya ji Suwaibatu, wadda ita ce mai karatun boko a cikinsu, ta canza murya.

“Ku tsaya, ga wata takarda mai sunaye. Lah! Ga sunan maigidana, har da lambarsa, har gonarsa ta bakin rafi!”

“Duba min nawa!”

“Ga wata kuma, an rubuta sirri a samanta. Wai sabon irin gyaɗa.”

“Ke, tura wa ƙungiyarmu ta matan unguwa ta waya,” in ji wata, “a tura gaba, mai wayar zai gani ya zo.”

“Sabis ɗin ne sanda ɗaya. Bari in hau turmi.”

Mudassir ya zabura daga jikin bango. Ƙungiyar matan unguwar nan, in abu ya shige ta da la'asar, kafin isha ya kai Gaya ya dawo. Mutum dubu biyu ne suka ba shi lambobinsu don sun yarda da shi, wasu har fura suka dama masa.

“Inna! Kar a tura! Inna!”

Ƙarar jan turmi kawai ya ji.

“Yaya Mudassir?”

Ya juya. Haulat ce a ƙofar zaure, da hijabi ruwan toka, ƙaramar wayarta a hannu. Labari ya riga ya je gidansu, kunya kamar ta nutse a ƙasa.

“Da gaske duka ka ajiye? Har na ranar da nake mura?”

“Shi na fi so,” ya ce. “Haulat, ara min wayarki. Zan kashe abin da na fi ƙauna a duniya, bayan ke da Umma.”

Ya juya katin, ya danna lambar. Bugu ɗaya aka ɗauka.

“Anti Rukayya, Mudassir ne na Toranke. Wayata tana hannun mata goma, ɗaya tana kan turmi.”

“A kulle take?”

“A'a.”

“Tun yaushe ta ɓace?”

“Tun azahar.”

Ta ja tsaki. “Gobe ƙarfe tara ina son ganinka a Kano. Tana da sabis yanzu?”

Daga cikin gida Suwaibatu ta yi ihu, “Ya kawo! Sanda uku!”

“Tana da shi,” in ji Mudassir. Ya rufe ido. “Anti, akwai wasu saƙonni dubu ɗaya da ɗari biyu da...”

“Na danna.”

A tsakar gida, wata ta riga ta roƙi a ƙara jin na furen gyaɗa sau ɗaya kafin a tura takardar. Muryar Haulat ta taso, “Yaya Mudassir, yau da na ga...” sai ɗif. Sai salati. Sai ƙarar faɗuwar turmi.

“Ta yi fari! Ta share kanta!”

“Na ce muku wayar nan ba ta mutane ba ce!”

Aka wurgo wayar ta labulen zaure a cikin zanin goyo, ta faɗo gaban Mudassir. Ya ɗauka. Tana yi masa barka da zuwa da Turanci, tana tambayar wane harshe yake ji, kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Ya durƙusa a zauren mutane ya fashe da kuka, kuka na gaske mai shessheƙa.

Inna Hansai ta fito, ta dube shi, ta dubi Haulat. “Lallai tasa ce. Ɓarawo ba ya irin wannan kukan.” Ta goge hannu a zani. “Kai ɗan Toranke, abin da kunnuwan nan suka ji yau ba mai share shi daga Kano. Na furen gyaɗa ma Suwaibatu ta haddace. Ka gaya wa manyanka su zo su ga Malam Gwadabe kafin ya ji a masallaci.”

Ta cusa masa ƙuli-ƙuli uku a hannu ta shige.

Haulat ta karɓi wayarta, ta ɗan juya masa baya, ta kai ta bakinta ta yi magana ƙasa-ƙasa na daƙiƙa biyar. “Na tura. In ka gama saita taka zai shigo.”

Sai washegari, a cikin motar Kano, yana matse tsakanin buhun gero da wani dattijo mai carbi, saƙon ya shigo. Ya manna wayar a kunne.

“Yaya Mudassir, ka sa wa wayarka lamba. Kuma kar ka sa ranar haihuwata, duk Kademi sun sani.”

Ya saurara sau goma sha ɗaya kafin su kai Wudil. Sannan ya sa lambar, ya fara tunanin yadda zai yi kwana biyu ba man shanu.