Kyamarar da Ba Ta Ga Inno Ba

Tsohuwar kyamara mai tsagaggen murfi. Katin hoto guda. Yadi biyu na farin leshi mai walƙiya. Robar ruwa, maganin hawan jini, sanda. Sai mai sandar, kaka Inno, a kujerar bayan mota, tana mita tun daga unguwar Mada'in Fahd.

"Ban taɓa jin an kwashi tsohuwa zuwa sayen na'ura ba," in ji ta. "Ko musaya za ku yi da ni?"

"Wa zai karɓe ki, Inno?" in ji Ra'id, idonsa na kan titi. "Sai dai mu yi ciko."

Ƙanwarsa Zakiya ba ta yi dariya ba. Ita ke ɗaukar hoto a ɓangaren mata na bukukuwan unguwa, inda namiji ba ya shiga, wayoyi kuma tun a ƙofa ake karɓe su. Abin da ta ɗauka shi kaɗai amarya za ta riƙe. A bikin da ya wuce kyamararta ta kunyata ta: zaure ba haske, fitilu ja da shuɗi, farar riga ta fito fes, fuskar amarya kuwa kamar an watsa mata yashi. Hajiya Mas'uda, wadda kowane biki na unguwar ta hannunta yake bi, ba ta ja magana ba. "Alhamis bikin 'yata Dalal. In aka maimaita, shi ke nan, 'yar Filifin zan ɗauko, kuma kowa ita zan tura wa."

Shagon yana wani lungu bayan Bab Makka, kayan hoto na hannu kawai yake sayarwa. Mai shi, Mazen, ya jera kyamara biyu a kan kanta. Duka marasa madubi ne, masu babban sensa, irin waɗanda ke shan haske a wuri mai duhu. Ɗaya ta tsufa, fentin gefenta ya goge. Ɗayar ƙanwarta ce, sabuwar fita, kuma in Zakiya ta ɗauke ta, kuɗinta sun ƙare ke nan, babu na adasa, gilashin gaba.

"Wannan," Mazen ya ce da Larabci, ya shafa sabuwar, "da kanta take neman ido. Ke dai ki danna. Ko makaho ya riƙe ta zai ci abinci."

"Kashe fitila," in ji Zakiya.

"Na'am?"

"Zauren biki zan kai ta, ba bakin teku ba. Kashe."

Ya kashe, ya bar ƙaramin ƙwai ɗaya can ciki. Zakiya ta zaunar da kakarta a kan kujera, ta lulluɓa mata leshin tun daga kafaɗa.

"Amarya da hawan jini," in ji Inno. "Ra'id, angona, ina sadakin?"

Zakiya ta ɗaga sabuwar kyamarar. Wani koren akwati ya bayyana a allon, ya yi 'yar rawa, ya tsallake Inno, ya je ya dafe idon wata farar mata da ke murmushi a takardar talla jikin bango.

"Yaya, tsaya gaban takardar nan."

Ra'id ya tsaya. Akwatin ya yi tsalle, ya kama fuskar Mazen can gefe. Zakiya ta kori Mazen daga wurin. Akwatin ya sauka kan duwatsun leshi, ya hau, ya sauka, kamar ƙuda a kan tire. Inno tana zaune, ido biyu a buɗe, tana kallon kyamarar kai tsaye.

"Me ta ce?" Inno ta tambaya.

"Ba ta gan ki ba."

Tsohuwa ta tuntsire da dariya har sandarta ta faɗi. "Allah sarki! Shekarun da na yi ina ɓuya a bayan buhunan gyaɗa a kasuwar nan kafin in samu iƙama, takardar izinin zama! Da irin wannan aka ba masu kame, ai da na sha iska."

Mazen ba ya jin Hausa, amma ya ga allon. Ya ɗaga kafaɗa.

"Ba laifin kyamara ba ne, ya ukhti. Duhu a cikin duhu, me za ta kama? Ki ce wa mai kwalliya ta ƙara wa amarya hoda, ta yi haske kaɗan. Saura ki gyara a kwamfuta. Kowa haka yake yi."

Kafin Zakiya ta buɗe baki Ra'id ya ce da Hausa, a hankali, "Gaskiya fa, ai su ma amaren haka suke so."

Wannan ta fi ta Mazen ciwo, don ba ƙarya ya yi ba. Sau nawa uwar amarya ke jan ta gefe, tana raɗa mata a ɗan wanke yarinyar a hoto, ta yi haske.

"Kai ma?" ta ce. "Kai da ka sha nonon baƙar mace?"

"Ni dai cewa na yi..."

"Yi shiru, Yaya, don Allah."

Ta dire kyamarar a kan kanta, Mazen ya zabura ya tare ta. Ta ɗauki tsohuwar kyamarar mai gogaggen fenti, ta nuna wata adasa mai faɗin baki a cikin kabad, wadda da hannu ake murɗa ta. Ya miƙo yana tsaki. Ta ɗaura, ta kashe duk wani abin da ke neman fuska, ta kai ido. Da farko hazo. Ta murɗa. Goshin Inno ya taso, sai tsagar Gobirawa a kumatu, layi bayan layi, sai ƙwayar ido da ɗigon hasken ƙwan nan a ciki. Ta danna.

Fatar ta fito sumul, baƙa yadda Allah ya yi ta, ba yashi. Leshin ma bai ƙone ba.

"Tsohuwa a zaune ce wannan," in ji Mazen. "Amarya tafiya take yi, ana guɗa, ana turereniya. Kafin ki murɗa ta wuce. Batirin kyamarar nan kuma ba ya kai rabin biki. Wallahi za ki dawo kina kuka."

Ta san rabin maganarsa gaskiya ce. Daga yau zuwa Alhamis sai ta sa duk wanda ke gidansu ya yi ta zirga-zirga a falo, fitila a kashe, har yatsunta su iya. Ta yaye leshin, ta tsinci sandar, ta kama hannun Inno suka fita cikin zafin rana da warin soyayyen kifi.

"Mutumin nan me ya ce a kaina?" Inno ta tambaya a bakin mota.

"Cewa ya yi kin yi kyau."

"Maƙaryaciya. Larabcin nawa bai mutu ba."

Zakiya ta zaunar da ita, ta tura mata ƙafa ciki, ta maida ƙofar garam. Sannan ta juyo ta danƙa wa Ra'id jakar kuɗi.

"Koma ka biya. Tsohuwar kyamarar, da adasar, da batir uku. Idon Dalal ni zan nemo shi da hannuna, kuma ba wanda zai ƙara mata hoda."