An Ce Bakina Ya Lalata 'Yar Mutane

Ranar Laraba takardar ta zo, ina tsakiyar gyaran kifi a rumfata da ke kasuwar bakin tashar jiragen ruwa ta Mokpo. Ni ban yi makaranta ba. Sunana kaɗai nake iya rubutawa, Yom Malsun, shi ma sai na cije leɓe. Sai na miƙa wa 'Yar Naju, wadda rumfarta take manne da tawa shekara talatin da ɗaya, don ita ta kai aji huɗu. Ta goge hannu a zani, ta ɗora tabarau a karan hanci.

"Yaya, wai yarinyarki za su ɗauke."

"Uban wa zai ɗauke ta?"

"Jami'a. Wai ranar Litinin ta kwashe kayanta ta koma ɗakin kwanan ɗalibai. Wai gidanki bai dace da mai koyon harshe ba."

"Sake karanta mini wajen nan."

Ta sake. Bai dace ba. Gidan da na gina da ƙayar kifi a yatsuna, na raini 'ya'ya huɗu a ciki, babu wanda ya fito da bakin uwa a kansa, shi ne bai dace ba! Na kafa wuƙa a jikin katako, har yanzu shaidar tana nan.

Yarinyar sunanta Oyuna, 'yar Mongoliya, daga cikin ɗaliban da jami'o'i ke musaya na shekara guda. Ɗana na Seoul ne ya rubuta sunana ba da sanina ba, wai ɗakin sama ya daɗe babu kowa, wai kaɗaici zai kashe ni. Na zage shi tas a waya. Amma da ta iso a watan uku, da jakarta mai ƙafa da kumatunta jajaye kamar an mare ta, sai na rasa bakin kora. Kun san yarinyar nan ba ta taɓa ganin teku ba? Ta tsaya a bakin tasha tana ihu, tana nuna mini ruwa, ni da aka haifa a cikinsa. Ƙaguwa ta kama mata yatsa a rana ta biyu, ta yi tsalle tana dariya tana ɗaukar hoton yatsan don ta aika wa uwarta. Rana ta biyar na ba ta hongo, kifin nan namu da ake rufewa a tulu har sai warinsa ya tashi mutum tsaye. 'Yan Seoul ko hanyar ba sa bi. Ita hawaye na zuba, hanci na zuba, ta miƙo kwano ta ce a ƙara.

Daga nan ta zama tamu. In ta dawo daga aji sai ta jefar da jaka ta zura dogayen takalman roba ta shigo kasuwa. Da muka ɗauki hayar bas don zuwa kallon furanni a watan huɗu, mu mata arba'in, ita ce ta fara miƙewa rawa a tsakanin kujeru tun ba mu fita gari ba, ta ƙwace abin magana ta rera mana waƙar garinsu, wata irin murya daga maƙogwaro kamar ana jan tebur. Dokrye mai ƙaguwa, wadda gwiwa ta hana ta ruku'in ɗaukar kwando, har da ita a rawa. Harshen kuwa a bakinmu ta tsince shi, kamar kaza da tsaba. Wata biyu kacal tana ciniki, tana zolayar direbobin motar ƙanƙara, masu saye suna tsayawa kallo.

To, da la'asar ranar takardar ta dawo ido a kumbure. Na ja ta bayan rumfa.

"Ke, me kika yi wa mutanen nan?"

"Kaka, wallahi ban yi komai ba. Alheri na yi."

"Faɗa mini alherin."

Ashe ranar Asabar an yi liyafa, manyan baƙi sun zo daga Seoul. Shugaban sashensu, Farfesa Pyo, mutum ne da ya taimake ta tun zuwanta, tana ganin girmansa kamar uba. Ta ga yana ta hidima bai sa komai a baki ba. Sai ta naɗe nama a ganye, ta nufe shi gaban kowa, ta ce, "Kai shegen tsoho, dubi yadda ka bushe kamar kifin rataye! Buɗe baki ka ci kafin ka mutu ka bar mu da wahala."

"Haka kike ce wa Baba Gu mai ƙanƙara kullum, Kaka," in ji ta. "Ai na gani. Kuma murna yake yi."

'Yar Naju ta zauna daɓas a kan akwatin kifi tana riƙe da ciki. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba. A kasuwarmu wanda ba ka sani ba shi kake yi wa ladabi. Naka kuwa zaginsa kake yi. In na ce wa Dokrye "Barka da asuba, kun tashi lafiya?" sai ta je gida ta kwanta tana tunanin laifin da ta yi mini. Yarinyar ta ba mutumin nan mafi tsadar abin da ta koya, shi kuma ya saka mata da takarda.

"Ba na son ɗakin ɗalibai," in ji ta. "Can kowa Turanci yake yi, kowa na kallon waya. Nan na zo."

"Share hancinki. Babu inda za ki."

Washegari da hantsi muka rufe rumfuna, ni da 'Yar Naju da Dokrye, muka hau bas da takalmanmu na roba. Oyuna tana biye tana roƙo, "Kaka, don Allah a hankali." Dokrye ta rungumo akwatin farin soso ɗaure da igiya, domin ko faɗa za ka je yi gidan mutum ba ka zuwa hannu rabbana. Shekara saba'in da uku ina ganin ginin nan daga nesa a kan tudu, ban taɓa taka shi ba. Ga ciyawa an aske ta kamar kan soja, ga yara zube a kai suna shan abu da tsinke. Hawa huɗu muka taka, Dokrye tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro matakala.

A ofis muka tarar da wata 'yar siririya a bayan tebur. Ta dube mu daga takalmi zuwa gashi.

"Sannunku, iyaye. An ba ku lokacin ganawa ne?"

"An ba ni takarda. Ke kika rubuta?"

"Ni bugawa kawai na yi, Farfesa ne ya..."

"To kira shi."

"Yana da taro ƙarfe..."

"'Yata, kifina na can yana jira, shi ba ya san taro. Kira shi ko in kira shi da kaina, kuma muryata tana kai wa jirgin da ya bar tasha."

Ba sai ta kira ba, ƙofar ciki ta buɗe. Ga shi nan, dogo, furfura a taje, kuma gaskiyar yarinyar ne, a bushe yake. Ya sunkuya mana, ya shigar da mu, ya ba mu kujeru masu laushi. Maganarsa irin ta masu karanta labarai a talabijin, kowace kalma an wanke ta an goge.

Na ajiye takardar a gabansa, da tabon jinin kifi a gefe.

"Kai ka ce gidana bai dace ba? Ka taɓa shiga? Ka ga ɗakinta? Yarinyar nan ta zo ba ta iya ce wa a ba ta ruwa ba, yanzu kwastoma ba ya cutarta ko na sisi. Wane malaminku ya yi wannan a wata biyu? Ni ba na son komai naku. Ka goge kalmar nan, ka bar mini yarinyata."

"Iya, ku yi haƙuri, ba ku aka nufa da cin fuska ba," in ji shi. "Oyuna tana da kaifin kai, babu kamarta a ajin. Amma tsakiyar watan shida za ta zauna gaban malamai uku, jarrabawar baka, da maganar girmamawa. In ta yi musu irin ta ranar Asabar za ta faɗi. In ta faɗi, jami'arsu za ta janye ta tun kafin lokacin kaka. Ni gudun haka nake."

Nan na ɗan yi sanyi, don ban san da wannan ba. Na dubi yarinyar, ta sunkuyar da kai. Ina neman abin cewa ke nan sai Dokrye, wadda ba ta jin komai sosai kuma ta ɗauka an shirya, ta kwance igiyar akwatinta ta ɗaga murfi.

Kai! Warin hongo ya cika ɗakin kamar an fasa bango. 'Yar siririyar da ta shigo da shayi ta ajiye faranti ta fita da gudu, hannu a hanci. Shi kuwa Farfesa sai na ga ƙofofin hancinsa sun buɗe, ya leƙo, ido ya yi haske.

"Wome!" in ji shi. "Ai wannan na Huksan ne, ba na waje ba!"

Muka kalli juna. Wome. Babu ɗan Seoul da aka taɓa haifa da wannan kalma a baki, tamu ce, ita muke yi in abu ya ba mu mamaki. Kuma wanda zai bambance hongon tsibirin Huksan da na ƙasar waje da hanci kawai, a cikin tulun aka yaye shi.

"Tsaya," na ce. "Kai ɗan wane tsibiri ne?"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya gyara wuyan riga, ya buɗe baki zai koma maganar talabijin.

"Kar ka soma. Ɗan waye kai?"

"Huksan ɗin," ya ce a hankali. "Mahaifiyata a ka take tallan kifi."

"Wome, wome!" 'Yar Naju ta buga cinya. "Yaya, ashe namu ne ya sa kwat!"

Sai ga magana tana fitowa. Yana ɗan shekara sha tara ya tafi Seoul karatu, duk sanda ya buɗe baki sai a yi dariya, masu gidan haya suna jin muryarsa su ce ɗaki ya cika. Ya zauna gaban rediyo yana kankare bakinsa har ya fita tas. Ranar Asabar da yarinyar ta zo da nama a hannu, abin da ta faɗa, kalma da kalma, abin da uwarsa take ce masa ke nan in ya je hutu. Uwar ta rasu shekara tara ke nan. Baƙin suka tuntsire da dariya, ɗaya ya ce ashe har yanzu ana irin wannan yare a nan. Shi kuma ya koma ofis ya rubuta takarda.

In kuna jira in ce tausayi ya kama ni, ku daina jira.

"Wato kunyar uwarka ka ji, sai ka huce a kan gidana? Matar da ta ɗauki kifi a ka har ka zama abin da ka zama? Ita ma bakinta bai dace ba ke nan? Shegen yaro, da tana raye da ta fasa maka baki da kan kifi!"

Oyuna ta rufe fuska. Shi kuwa ya yi wata irin dariya, ya cire tabarau yana goge ido da bayan hannu.

"Haka za ta ce," in ji shi. "Iya, na yi kuskure a kalmar. Zan janye. Amma jarrabawar tana nan, ba ni da ikon ɗage ta."

"Maganar girmamawa ce kawai? Ka ɗauka ban iya ba? Da wane baki na yi wa surukata magana shekara ashirin, matar da ko tari ba a yi a gabanta?"

A nan muka yanke. Yarinya tana gidana. Kasuwa kasuwa ce, babu mai taɓa mana ita. Amma a gida, kan abincin safe da na yamma, daga ni har ita sai maganar girmamawa, har ranar jarrabawa. Na ce a rubuta yanzu, ba gobe ba. Aka kira 'yar siririyar ta buga tana numfashi ta baki, ya danna jan hatiminsa. Shi kuma kafin mu fita ya riga ya cinye yanka biyar da hannu, a tsaye, taronsa na jira. Muna saukowa Oyuna ta ɗaga Dokrye cak ta juya da ita a kan matakala, tsohuwa tana ihu tana dukanta a baya.

Yau da safe muka fara. Na zuba shinkafa, na zuba miyar ganyen teku, na zauna na gyara murya.

"Ranku ya daɗe, ko za ku daure ku ɗanɗana wannan 'yar miyar?"

Yarinyar ta dube ni. Leɓenta ya soma rawa.

"Muna godiya ƙwarai, Kaka. Ku ma Allah ya..." Sai shinkafa ta fito mata ta hanci, ta kife a kan tabarma tana shure-shure, ta ture kwanon kimci, kabejin nan namu mai jan yaji, a kan sabon mayafin tebur ɗina.

Zagi bakwai suka taso mini lokaci guda, kowane ya fi ɗan'uwansa daɗi. Na haɗiye su har wuyana ya yi zafi.

"Babu komai," na ce. "Ku ci gaba da cin abincinku."

Na miƙe a hankali, na fita tsakar gida, na rufo ƙofa. Tukunyar gas ce na fara gani, ita na zazzage wa su duka. Saura kwana arba'in da ɗaya.