Numfashin Barira

"Ba shiga, Hajiya Rahma. Ki yi mata addu'a daga nan bakin ƙofa, Allah yana ji."

Hajiya Rahma ta dube ni kamar na zage ta. Ƙanwar marigayi mijin Barira ce, ga mata a bayanta sun cika tsakar gida, kowacce da kwanon dubiya.

"Malama Aziza, yaushe kika zama 'yar sanda? Matar yayana ce fa."

"Tun da na bar koyarwa nake neman aiki. Yau na samu."

Barira maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu a nan Kura. Turara shinkafa ce sana'arta, duk kayan da na shanya a igiya sai sun ɗauki ƙamshin hayaƙinta. Da ciwon zuciya ya ci ƙarfinta, likita ya ce a dawo da ita gida, kowa kuma ya gane abin da yake nufi. Ita ma ta gane.

"Ba mutuwar nake tsoro ba, Malama," ta ce mini ran da aka dawo da ita. "In abin ya taso, ƙirjina ɗaurewa yake, ko sunana ba na iya faɗa. In ta zo mini a haka fa? Da wane numfashi zan yi kalmar shahada?"

Na ce mata Allah zuciya yake dubawa. Ta ce ta sani, amma tana so ta ji da kunnenta.

An raine mu a kan cewa dubiya lada ce, ban kuma musa ba. Abin da ba a taɓa tambaya ba shi ne, mai jinyar fa? Kowacce ta shigo sai ta ce sannu, ya jiki, sai Barira ta tattaro ɗan numfashin da ya rage mata ta ce da sauƙi. Kafin a gama zagaye tana haki, ido waje. Wata ma cewa ta yi iska ce, ta zo da garwashi za ta yi mata hayaƙi. Hayaƙi, ga mai neman iskar shaƙa!

'Yarta Ummul-Khairi, wadda ke aikin jinya a Bunkure, ita ta zo da nata maganin. Wai a shaƙa ta hanci, a saki a hankali kamar mai hura kunu mai zafi. A ajiye hankali a kan abu guda da hannu yake taɓawa, in tunani ya zo a bar shi ya wuce. Ta ce in fitar numfashi ta fi shigarsa tsawo, jiki yakan gane ba wanda ya biyo shi.

Na yi dariya. "Mun tsufa muna numfashi ba satifiket, yau za a sa mu a aji?"

Barira ce ta tare ni. "Ke dai Malama da musu. Ai wannan tsintar shinkafa ce. In hankalinki ya tafi kasuwa, tsakuwa ta wuce."

Aka kawo mata faifai da shinkafa, aka ajiye kusa da katifarta. Ni ba na yarda da abu don an faɗa, sai na zauna na zuba wa jijiyar wuyanta ido. In abin ya taso, jijiyar takan dinga harbawa kamar za ta fasa fata. In ta nutsa yatsu cikin shinkafar tana hura kunun da babu shi, sai in ga harbin yana lafawa. Bai warkar da ita ba. Amma na gani, shi ya sa na kama bakin ƙofa.

Ina cikin ja-in-ja da Hajiya Rahma na ji Ummul-Khairi ta kira ni. Na tarar abin ya taso wa Barira fiye da kullum, tana damƙar zanen gado. Hajiya Rahma ta zagaya ta taga, ta ɗaga murya:

"Barira! Ki ce la'ilaha illallah! Ki ce mana!"

Idon Barira ya ƙara fitowa, bakinta na motsi ba sauti.

"Hajiya," na ce a hankali, "so take ta faɗa. Ki ba ta wuri."

Ummul-Khairi ta jawo faifan, ta ɗora hannun uwarta a ciki. "Umma, me kike ji a hannunki?"

Yatsun suka fara motsi.

"Sanyi," in ji Barira. Ta saki numfashi, dogo. Ta sake. Can sai ta ɗago wata 'yar tsakuwa tsakanin yatsu biyu. "Wa ya tsince shinkafar nan?"

"Ni ce, Umma."

"Ba ki iya ba."

Ummul-Khairi ta yi dariya, hawaye na zuba. Kafaɗun Barira suka sauka, goshinta ya saki. Ta juyo da kai wajena.

"Malama, ki bar su su shigo. Amma kar a tambaye ni ya jiki."

Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, suka zazzauna a tabarma, ba wadda ta ce uffan. Hajiya Rahma ta durƙusa wajen ƙafafunta, ta riƙe su. Barira ta shaƙa ta hanci, ta tsaya kaɗan, sannan ta saki kalmar tare da numfashin, a hankali, tun daga farkonta har ƙarshenta. Duk ɗakin mun ji. Ita ma ta ji, don na ga gefen bakinta ya motsa.

Ba ta ƙara magana ba. Kafin kiran azahar ta cika.

Da aka fita da ita, na zauna a ɗakin ni kaɗai. Rana ta shigo ta ƙofa har tsakiyar tabarma. Wata kaza ta leƙo, ta karkata kai ta dube ni, ta shigo ta kwanta cikin hasken, ta baje fiffike ɗaya. Ban kore ta ba.